Idon Salmin, Finjalin Karama

A Dumaisa in ka ce kana neman Salmin, sai a tambaye ka wanne, don sun kai bakwai a garin. In ka ce Salmin Ido kuwa, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan: na ƙarshe kafin magudanar ruwa, ginin laka hawa biyu, da ƙahonin bunsurun dutse kafe a kan katangar rufinsa. Da goma sha ɗaya ne, yanzu sun zama goma sha biyu. Na sha biyun nan shi ne ya hana mutumin sakat har yau.

Salmin bai gaji ko itacen dabino ɗaya ba. Ubansa Ubaid hawan itacen wasu ya yi har ya mutu, shi ma a haka ya tashi. In dabino ya yi fure ya hau ya kai wa mace furen namiji, in ya nuna ya hau ya saro, a sallame shi da kwando biyu ko uku. Wata goma sha ɗaya a shekara shi ne wanda masu gona ke ƙwala wa kira daga nesa, ko tashi daga tabarma ba sa yi. Wata ɗaya kuwa, in sanyi ya shigo aka fara maganar hawa dutse farauta, waɗannan masu gonar ne ke gyara masa wurin zama suna kiransa Abu Hadi, da sunan ɗansa da ke aiki can bakin teku. A kan wannan wata ɗayan ya jingine rayuwarsa duka.

Abin da ya gada bindiga ce, 'yar Jamus, ta girme shi ta girmi ubansa, an naɗe ƙotarta da waya. Yana ɗan shekara goma sha biyar Ubaid ya fara koya masa ita, amma ba da harsashi ba, don harsashi ba abin wasan talaka ba ne. Sai ya ɗora ƙwallon dabino a kan katanga, ya nuna masa saitin bindigar ya ce, "Tsagar baya, tsinken gaba, ƙwallo. In sun jeru su uku, riƙe numfashinka." Shekara biyu yana jera su yana jan kunama babu komai a ciki. Ran da aka ba shi harsashin farko, da shi ya kayar da bunsuru mai gaɓa ashirin da biyu a ƙaho. Daga baya ya kashe waɗanda bai ƙirga ba, amma sai mai gaɓa ashirin zuwa sama yake kafawa a rufi.

Farautar garinmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Maza kusan arba'in ke hawa tudu su kwana goma, da gurasa da busasshen kifi da dabino da gahawa. Masu kora su zagaya su taso dabbobi da ihu da jifa, masu bindiga su zauna a mashigai. Mashigin da ya fi kowanne ana ce masa Maƙogwaro, don a nan dutse ya tsuke, duk abin da aka koro ta nan zai bi. Wanda ya zauna a Maƙogwaro shi ke da harbin farko. Ko bunsuru ya zo ya lashi ƙafarka, ba ka da izinin jan kunama sai ka ji bindigarsa ta yi magana. Shekara talatin da huɗu Salmin ne a wurin.

In farauta ta ƙi kuwa, mu ba ma cewa rashin sa'a. Cewa muke akwai mai ɗauke da abu: wanda ya ci amana, ko ya ci haram, ko ya hau dutse da gaba a ransa. Dattawa sun ce dutse ba ya ba irin wannan taro namansa. Sai shugaban farauta ya zaunar da mutane da'ira, kowa da finjalinsa a gabansa, ya yi tambaya sau uku. In wani ya amsa laifi ya yanka akuya, an wuce wurin. In ba wanda ya amsa, dattawa su nemo shi da kansu, a kife finjalinsa, ya sauka gida shi kaɗai. Sau huɗu na ga an yi wannan zama, ban taɓa ganin an kife finjalin mai dabino ɗari ba.

Salmin na da shekara hamsin da takwas idon ya fara janye jiki. Bai tafi lokaci ɗaya ba, da ma ya huta. Na kusa ne ya fara dushewa, sannan na nesa ya koma dishi-dishi in rana ta ɗaga. Hawan dabino bai tona shi ba, hannu da ƙafa ke wannan aikin. Mutane kuwa ya koyi gane su ta tari da takun takalmi. Gahawa ce kaɗai ta so ta tona masa asiri, don sai ya karkata buta a gefen finjali. Matarsa Barka ta gani ba ta ce uffan ba. In suna shan ta safe su biyu, sai ta tura finjalin da ɗan yatsa ƙarƙashin bakin butar. In baƙi ne a zaure, ta daina aiko da buta, sai ta aiko da finjalai a cike a kan faranti. Ya san ta sani, ta san ya sani, suka yi shekara biyu a haka.

Mutum ɗaya ta gaya wa, ƙaninta Karama, a waya. Karama ya yi shekara goma sha huɗu a Jidda yana auna yadi a kantin wani, yana kwana a bayan kantin. Ya dawo da furfura da tari da ɗan abin da zai gina gida a hayin magudana ya buɗe ƙaramin kanti. Mutum ne mai saurin dariya, mai son ya faranta wa kowa, irin waɗanda ba sa tsayawa su duba inda za su ajiye alherinsu. Ran da aka taru yi masa barka da zuwa, zaure cike da maza, ya zaro wani dogon abu a naɗe cikin ƙyalle ya miƙa wa mijin yayarsa. A wurinmu a gaban mutane ake ba da tsaraba, shi bai ga abin da ya yi ba.

"Abu Hadi, ga taka."

Salmin ya kwance, ya shafa, ya juya shi. "Wannan fa? Sarewa ka kawo mini?"

"Madubin bindiga ne, Yaya. A samanta ake kafa shi. Ba ruwanka da jera abu uku. Zare biyu ne a ciki sun gitta juna, ka ɗora mahaɗarsu a kafaɗar dabba, shi ke nan. Faraj maƙeri zai huda mata ƙofa huɗu ya ɗaure."

"Ya huda wa?"

"Bindigar mana."

"'Yar Jamus?" Salmin ya juya wajen mutane. "Jama'a kun ji fa. Kai Karama, shekara sha huɗu kana auna yadi, ashe har hankalinka ka auna ka sayar. Tsohuwar nan ta kashe abin da ya fi gashin gemunka yawa, ba ta taɓa sa tabarau ba. Yanzu da tsufanta za a huda mata kunne?"

Zaure ya ɗauka da dariya. Ashur, shugaban farauta, har da dafe ciki. Mahfuz mai gona, wanda Salmin ke hawa masa dabino, ya ce, "Kai ma dai Karama! Ka rasa wanda za ka kawo wa ido sai Ido?"

Karama ya ji kunya, amma ya taya su dariya. "To Yaya, ka ajiye dai, ko ba yau ba."

"Ajiye wa kanka. Ku da kuka saba harbin gwangwani."

Salmin na wannan barkwanci, amma ya san daga inda maganar ta fito. Tsoro ne ya kama shi, ba fushi ba, amma fushin ya nuna. Kwana uku bai yi wa Barka magana ba. Karama kuwa ya kai tasa bindigar wajen Faraj aka kafa mata madubin, gari ya laƙaba masa Abu Tabarau. Da sanyi ya shigo aka hau dutse, Ashur ya ajiye shi a wani falalen dutse da ke kallon Maƙogwaro daga sama, a matsayin mai harbi na biyu.

Kwana biyar ba a ga komai ba sai mata da ƙanana, waɗanda ba a taɓawa. Rana ta shida da hantsi, rana tana dukan fuskar Salmin, ya ji ihun masu kora ya canza, sannan ya ji kofato a kan tsakuwa. Tsohon bunsuru ne, ya shigo Maƙogwaro ya ja ya tsaya yana shaƙar iska, taku sittin tsakaninsu. Salmin ya ɗaga bindiga. Tsagar baya ta narke, tsinken gaba ya rabu biyu, can gaba kuma ga abu biyu ja-ja-ja a tsaye, ɗaya bunsuru ɗaya dutse. Idonsa ya kawo ruwa. Ya riƙe numfashi kamar yadda ubansa ya koya masa, ya zaɓi ɗaya, ya ja kunama. Dutsen ya zaɓa. Kafin ƙarar ta gama yawo a kwari, bunsuru ya shige tsaguwa ya ɓace.

Mutane suka rugo suna haki. Ashur ya duba ƙasa, babu jini ko ɗigo.

"Abu Hadi, lafiya? Taku sittin fa!"

Kalma ɗaya ake nema a nan, ya ce idona. Da ya faɗe ta, da an yi shiru, an tausaya masa, an ba wani Maƙogwaro, ya koma Salmin mai hawan dabino wata goma sha biyu a shekara. Wannan ne ya kasa haɗiyewa.

"Na jera shi sarai," ya ce. "Harsashin ne ya kauce, sai ka ce hannu aka sa aka ture shi."

Tun kafin ya rufe baki ya san abin da ya tayar.

Bayan azahar aka zauna da'ira. Ashur ya tambaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kowa ya zuba wa finjalinsa ido. Sai Mahfuz ya gyara murya.

"Shekara talatin da huɗu ba a taɓa yin haka ba. To me ya shigo mana sabo bana?"

Ba sai an ambaci suna ba, kawuna suka juya da kansu.

"Ni ban ce komai ba fa," in ji Mahfuz. "Amma mutum ya yi shekara sha huɗu a inda ba ma ganinsa, ya dawo yana gini. Wa ya san da me ake dora tubalin?"

"Ka ji tsoron Allah, Mahfuz," in ji Karama. "Gumina ne. A kan kwali na kwana shekara sha huɗu." Sai ya juya. "Abu Hadi, kai ma ka ce wani abu mana."

Salmin bai ga fuskarsa ba, amma ya ji roƙon da ke cikin muryar. Ya kalli ƙasa.

"Ni abin da na gani na faɗa."

Ashur ya miƙa hannu ya kife finjalin Karama a kan yashi. Karama ya tattara bargonsa da bindigarsa ya kama gangara shi kaɗai. Sauran kwana huɗun ba a samu komai ba, aka ce ai ƙazanta ba ta wankuwa a rana ɗaya.

Mutanen Dumaisa ba sa korar mutum da sanda, ba su da wannan ƙarfin halin. Gaisuwa suke gajartawa. Magina suka ce aiki ya yi musu yawa a wani wuri. Mata suka koma aiken sukari kantin da ya fi nisa. A masallaci sai a bar ɗan fili kusa da kafaɗarsa, ba mai yawa ba, daidai yadda zai lura. Ruwan bazara bai sauko magudana ba a shekarar, aka ɗora masa wannan ma. Wata biyar ya daure. A na shida ya rufe kanti, ya rubuta wa tsohon maigidansa na Jidda, yana da shekara hamsin.

Ran da zai tafi ya zo sallama da yayarsa da safe. Da ya fito ya tarar da Salmin a ƙofar gida yana tufka igiyar hawa. Ya tsuguna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Na gan ka ranar, Yaya. Dutse ka harba. Bunsurun na damarka kamu huɗu. Ta cikin wannan na gan ka, har ruwan da ke idonka."

Ya ajiye madubin a kan cinyar Salmin, a naɗe cikin ƙyallen nan na farko.

"Ban faɗa a can ba, don mijin yayata ne kai, kuma wa ma zai yarda da ni? Ban zo faɗa ba. Na kwance shi na kawo maka. In ka kafa shi, ba sai ka ce komai ba. Duk wanda ya ga 'yar Jamus da tabarau zai gane da kansa, sai a ɗaga mini finjalina in dawo gida. Abin da nake roƙo ke nan."

Salmin ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Madubin ya yi wata shida a cikin akwatin Barka. Ba ta yi masa gori ba, ba ta daina tura finjali ba, jira take. Saura mako biyu a hau dutse, wata safiya Salmin ya ɗauko shi ya hau rufi, ya ɗaure shi a saman bindiga da kaba, don ya duba kawai. Ya sa ido, ya murɗa zoben baya kamar yadda ya ji Karama na kwatantawa. Sai duniya ta dawo. Ga kurciya a kan katangar masallaci, har baƙin zoben wuyanta. Ga ganyen dabino ɗai-ɗai. Ga zare biyu sun gitta juna, ba tsaga, ba tsinke, ba abin da zai narke. Ya yi kuka shi kaɗai a rufi. Kuma a faɗi gaskiya, abin da ya fara faɗo masa ba Karama ba ne. Cewa ya yi a ransa, da wannan sai in ƙara shekara goma a Maƙogwaro. Sai da ya juya bakin bindigar hayi ya ga gidan da ba rufi, azara a jibge, akuyar wani kwance a inda ya kamata ya zama ɗakin baƙi, sannan kunya ta rufe shi.

Kaba ba ta riƙe madubi in an yi harbi, dole sai an huda. Ya kwance shi ya sa a aljihu, ya saɓa bindiga, ya nufi maƙera da niyyarsa cikakkiya. A ƙofar Faraj kullum akwai 'yan zaman kashe wando, ranar kuwa har da Mahfuz.

"Ido! Ido na Ubaid!" suka ɗauka. "Bana fa kai muke kallo."

"Bana ba abin da zai ture harsashi," in ji Mahfuz. "An share hanya."

Wani ya tashi ya ba shi kujerarsa. Wani ya miƙo masa shayi da hannu biyu. Faraj ya goge hannu a zaninsa ya karɓi bindigar kamar mai karɓar jariri.

"Me ya samu tsohuwa, Abu Hadi?"

Hannun Salmin na cikin aljihu, a kan madubin. Ya ji sanyin ƙarfen a tafinsa.

"Kunamarta ce ta ɗan yi tauri," ya ce. "Ɗiga mata mai."

Aka hau dutse. Salmin ya zauna a Maƙogwaro da tsaga da tsinken da ba ya gani, yana roƙon Allah kada komai ya zo, sannan ya tuna in ba abin da ya zo wani finjalin za a kife, sai ya rasa abin da zai roƙa. Rana ta uku masu kora suka matsa wa wani bunsuru lamba har ya gigice. Bai tsaya shaƙar iska ba, ya taho a guje kai tsaye ta tsakiyar mashigin, ya cika shi dam. Salmin bai jera komai ba. Wari ya ji da ƙarar kofato, ya miƙa bindiga ya ja kunama, taku goma bai cika ba. Dabbar ta zube a gabansa, ƙahonta ya bugi takalminsa. Ko mai tallan kifi aka ajiye a wurin, da ya kashe ta.

Aka ƙirga gaɓa ashirin da shida. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa a garin.

"Allahu akbar!" in ji Ashur. "Kun gani? An kife finjali, dutse ya buɗe!"

"Da ma mun faɗa," in ji Mahfuz. "Wasu har suna cewa an zalunci mutum. To ga shaida."

A nan Salmin ya gane abin da ya harba. Bara ƙarya ce ta kori Karama, ƙarya kuwa ana iya warware ta. Bana shi da hannunsa ya kawo mata hujja mai ƙaho.

Aka shiga gari da ganguna, wani ya ɗora ƙahon a kansa yana rawa, mata na rangaɗa guɗa daga rufin gidaje. Salmin na tsakiya ana ɗaga hannunsa. Ya kasa kunne yana neman guɗar Barka, wadda yake ganewa a cikin ɗari, don shekara talatin da shida ita ke fara yi. Har aka kai ƙofar gidansa bai ji ta ba.

Da la'asar manya suka cika masa zaure. Aka turo faranti daga cikin gida ta ƙarƙashin labule. Salmin ya kai hannu ya ji buta da zafinta, ya ji finjalai babu komai a ciki. Ya gane saƙon. Ya ɗauki butar, ya karkata, gahawa ta tsiyaya a kan tabarma, nesa da finjalin da faɗin tafin hannu. Bai gyara ba. Ya bar ta tana zuba har ta jiƙa gefen zanen Ashur.

"Kun gani?" ya ce. "Ba na gani. Shekara uku ke nan. Bara dutse na harba, ba hannun da ya ture komai. Karama ba ya ɗauke da komai. Ni ne."

Sai Mahfuz ya fashe da dariya, sauran suka bi shi.

"Makaho ne ya kayar da mai gaɓa ashirin da shida? To Allah ya makantar da mu duka!"

"Gajiya ce, hannunsa ke rawa. Kai, karɓi butar nan ka zuba masa."

"Wallahi tallahi gaskiya nake faɗa muku," in ji Salmin. "Taku goma ne. Warinsa na harba."

"Kun ji ko? Har da hanci yake harbi!"

Ashur bai yi dariya ba. Ya matse gefen zaninsa, ya dafa kafaɗar Salmin.

"Abu Hadi, ka kyauta. Ƙanin matarka ne, ba wanda zai ga laifinka don ka so ka rufa masa asiri, ko da za ka ɓata kanka. Amma ba ni na yanke ba, ba kai ba. Dutse ya ƙi bara, ya bayar bana, kowa ya gani. In na ɗaga finjalin nan yanzu, me zan ce wa mutane? Bar maganar nan, ka sha gahawarka."

Washegari Salmin ya koma maƙera, wannan karon ya ajiye madubin a kan uwar maƙera a gaban kowa ya ce a huda. Faraj ya ja da baya.

"Ni? In huda bindigar da ta kashe na jiya? Ka rufa mini asiri, Abu Hadi, so kake a tsine mini a garin nan. Matar gida ce ta matsa maka, mun sani. Ka ba ta haƙuri kawai."

Da shekara ta zagayo ya ce wa Ashur ba zai hau ba, don ba zai zauna ya jira a kife finjalin wani ba. Ashur ya ce wace irin magana ce wannan. Sai ya ce gwiwarsa ce ke ciwo. Nan take aka yarda, har ana kawo masa man shafawa. Gwiwar da lafiyarta lau suka karɓa, idon da ya mutu suka ƙi. Har yau Salmin Ido ake kiransa, in baƙo ya zo a kai shi ya ga ƙahon sha biyu, a ba shi labarin shekarar da aka cire mugun iri dutse ya buɗe. Shi kuwa yana zaune yana ji, baƙin ciki na cinsa, don ya gwada faɗar gaskiya sau uku bayan wannan, kowane karo sai an ƙara yaba masa kirki.

Ya bar hawan dabino yanzu. Da hantsi yakan hau rufi da madubin a hannu, ba bindiga, don ta cikinsa kaɗai yake ganin wani abu a duniya. Ya duba kurciyoyi, ya duba hanyar mota, ƙarshe dai hayi yake komawa. Katangar gabas ta gidan Karama ta fara zubewa, an sace azarar.

Ranar Juma'ar da ta wuce Barka ta dawo daga amsa waya, ta tarar da shi ya sauko. Ta ajiye buta da finjali a gabansa ta zauna nesa kaɗan, hannuwanta a kan cinya, inda suke zama tun ranar ganguna.

"Kun yi magana?" ya ce. "Ya jikin nasa?"

"Tarin na nan. An rage masa albashi, an ce ya tsufa."

"Ya ambace ni?"

"Ya ambace ka. Na ce masa kana hawa rufi da abin. Ya ce in gaya maka ka riƙa goge gilashin da auduga, kada ka sa bakin zani, yana ƙarce shi."

Salmin ya miƙa hannu. Ya lalubi butar ya karkata, gahawa ta zuba a kan tabarma, Barka tana kallo.